Kafin a Buɗe Tukwanen Jan Ƙarfe

Wadda ta fara karɓata a Greensboro, wani birni a Amurka, ba ta san ni ba, ni ma ban san ta ba. Sunanta Hajiya Memuna, Bahaushiyar zangon Kumasi ce, tana da ɗan shagon kayan miya a kan Gate City Boulevard, wata doguwar hanya da ta cika da gidajen haya da filayen sayar da motoci. Wani maƙwabcinmu a Zariya ne ya samo mini lambarta ta hannun surukinsa. Na iske ta tana ƙulla daddawa a leda.

"Ke ce Balkisu mai karatun ƙarfe?" ta ce. "Ajiye jakar. Kin ci abinci?"

Ban ci ba. Ta zuba mini wake da shinkafa irin nasu, da wani baƙin yaji mai kifi da suke kira shito. Ina ci hawaye na zuba. Ta ce wa wata mata da ta shigo sayayya, "Wannan yarinya bai saba da yajinmu ba." Hausarsu ba ta raba mace da namiji. Na bar ta a kan yajin ne.

Ta ba ni ɗakin 'yarta da ta yi aure ta koma wata jiha. A bangon ɗakin akwai layukan fensir da aka riƙa auna tsawon yarinyar tana ƙarama. Na tsaya na nemi inda kan Ummi zai kai.

Ummi 'yata ce ta fari, shekararta uku da rabi lokacin da na taho. Sunan mahaifiyar mijina aka sa mata, shi ya sa ba ma faɗin sunan. A gida ina yi mata kara irin ta 'yar fari. Ban taɓa yi mata wasa a gaban surukai ba, ko faɗuwa ta yi sai in jira wani ya ɗaga ta. Shirinmu da Abbanta shi ne in yi wata shida in daidaita, sannan su biyo ni. Shi malamin sakandare ne a Tudun Wada. Ƙanwarsa Hauwa ta dawo gidan don ta kula da yarinyar kafin lokacin.

Malamar da na zo karatu a ƙarƙashinta sunanta Farfesa Brenner, dattijuwa ce siririya mai furfura, ba ta da yawan magana. Ɗalibanta suna kiran ta da sunan yanka, ni bakina ya kasa, Farfesa nake ce mata har yau. Ranar farko ta zaunar da ni ta zana mini aikin a takarda.

Ƙasashen da ke samar da lantarki da nukiliya suna da wata shara da ba a ƙonawa, ba a kuma kai ta juji. Sandunan makamashi ne da suka gama aiki, amma gubarsu ba ta mutuwa sai bayan dubban shekaru. Dabarar da wasu ƙasashe suka tsaya a kai ita ce a jera sandunan cikin wani dogon tulu na baƙin ƙarfe, a lulluɓe shi da jan ƙarfe mai kaurin yatsu uku, a liƙe bakinsa, a kai shi can ƙarƙashin dutse, zurfin kusan rabin kilomita, a kewaye shi da wani irin yumɓu da ke kumbura idan ya sha ruwa. Ana so tulun ya kai shekara dubu ɗari bai huje ba. A can ƙasa babu iskar da muke shaƙa, don haka jan ƙarfen ba ya yin koren nan da yake yi a sarari. Amma ruwan ƙarƙashin ƙasa yana ɗauke da salfa, sinadarin nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, kuma shi yana cin jan ƙarfe a hankali, yana mai da fatarsa baƙa. Abin da ake son sani shi ne yawan abin da yake ci a shekara.

Nawa aikin ƙarami ne. In yanka jan ƙarfe guntu-guntu kamar tsohon kwabo, in goge su har su yi ƙyalli, in auna nauyinsu, in binne su cikin yumɓu da ruwan salfa a wasu 'yan tukwanen ƙarfe masu girman gwangwanin madara. Duk wannan a cikin wani akwatin gilashi ake yi wanda aka zuƙe wa iska, sai dai ka zura hannu ta dogayen safar roba. Idan an rufe tukwanen sai a sa su a wani murhun lantarki mai ƙofa kamar firji, a jira wata goma sha takwas, a buɗe a sake aunawa.

Innata ta ɗauka bam nake haɗawa. Sau uku ina rantse mata a waya cewa ko ƙwayar sharar babu a ɗakin gwajinmu. Hajiya Memuna kuwa da na yi mata bayani sai ta ce, "Wato kin baro 'yarki ne ki zo gadin tukunya." Ba da gatse ta faɗa ba. Tana ƙoƙarin ganewa ne.

Sanyin farko ne ya tilasta mini neman mota. Daga gidan Hajiya zuwa jami'a sai na canza bas biyu, wata rana na tsaya a tasha har na daina jin yatsun ƙafata. Ina tafe a bakin wani filin motoci ina waya da Abban Ummi sai na ji an ce, "'Yar'uwa, daga ina?" Wani mutum ne mai fara'a, ya ce a Zariya ya yi karatu. Ya ambaci Kwangila, ya ambaci Samaru, ya tambaye ni ko har yanzu ana sayar da masa a bakin tashar nan. Wata huɗu ban ji wani ya faɗi sunayen nan ba. Ya nuna mini wata ƙaramar mota ruwan toka, ya ce da ƙanwarsa ce ita zai ba ta. Ban leƙa ƙarƙashinta ba. Na ga kamar in na leƙa na ƙaryata shi.

Sati biyar na yi da ita. Wata safiya na taka wani ɗan rami, na ji ƙara daga baya, da na fito sai na ga tayar baya ta karkace kamar ƙafar gurgun jaki. Na koma filin, aka ce mutumin ya bar aiki, aka kuma nuna mini inda na sa hannu cewa na karɓi motar a yadda take.

Hajiya ce ta ce a ja ta zuwa wajen Baba Danladi. Mutumin Pankshin ne, Kirista, mai walda, ya fi shekara ashirin a ƙasar. Gidansa yana Pleasant Garden, wani gari mai shiru a kudancin Greensboro, inda kowane gida ke da fili kamar gona. Ya ɗaga motar, ya kira ni, ya ɗauki sukundireba ya soka a ƙashin bayanta. Ta shige kamar cikin ƙosai.

"Daga jihohin arewacin ƙasar nan aka kawo ta," ya ce. "Can suna zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara. Gishirin ya cinye ta, sai aka shafa mata baƙin fenti a kai. Me kika ce kina karantawa, 'yata?"

"Tsatsa, Baba."

Ya dube ni, ya dubi ramin, ya fara dariya har sai da ya nemi wuri ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Ni ma ban san lokacin da na kama ba. Da ya share idonsa ya ce in yafe masa.

Asabar uku ya yi yana yanke ruɓaɓɓen ƙarfen yana ɗora sabo. Da na kawo maganar ladan aiki sai ya ce in je bayan gida in taya matarsa tsinkar yakuwa. Matar tasa, Anti Saratu, tana aikin jinya a gidan kula da tsofaffi, kuma a bayan gidansu ta shuka yakuwa da kuɓewa da gauta. Ranar ta yi tuwon masara. Kafin in sa hannu ta ce, "Naman daga shagon Hajiya ne, ci ba shakka." Da azahar ta yi ta shimfiɗa mini sabon tawul a ɗakin ɗansu Bitrus, Baba Danladi ya tsaya a bakin ƙofa yana jujjuya wayarsa yana nemo mini alƙibla. Daga nan gidan ya zama inda nake zuwa duk ƙarshen mako.

Wata shidan da muka shirya ya zo ya wuce. Abban Ummi ya je neman biza da yarinyar, aka hana su. Ya sake zuwa bayan wata biyar, aka sake hanawa. Na saba kiran su da tsakar rana, lokacin su magariba ta gabato, ina zaune cikin mota a filin ajiye motoci na jami'a, abincina a cinya. Da farko Ummi takan leƙa bayan wayar ta ga ko ina can. Daga baya ta daina. Wata rana na ji ta ce wa Hauwa, "Mama, ɗaura mini ɗankwali," sannan ta juyo ta ce, "Maman waya, kin ga sabon takalmina?" Abbanta ya fara yi mata faɗa, na ce ya ƙyale ta. Wadda ke yi mata wanka tana ba ta abinci ita ce Mama. Ban ga ƙarya a maganar yarinyar ba.

A satin da aka hana su karo na biyu na yi abin da ya jawo duk sauran. Tukwanena goma sha biyu sun shirya, guntayen jan ƙarfen sun gogu, sai abu ɗaya ya rage: zoben roba da ake sawa a bakin murfi don kada iska ta shiga. Irin wanda ya dace da zafi da salfa an yi odarsa, aka ce sai bayan sati goma. A cikin wata durowa na ga wasu zobba, girmansu ɗaya, launinsu ɗaya. Na san ba roba ɗaya ba ce. Na ce wa kaina zafin murhun ai ba wani mai yawa ba ne. Gaskiyar ita ce sati goman nake kallo, domin duk ranar da na jinkirta rufe tukwanen rana ce da na ƙara a kan komawata. Na sa su, na rufe, ban rubuta komai game da zobban a littafin aiki ba.

Bayan wata uku na buɗe huɗu don a ga yadda ake ciki. Komai daidai. Guntayen sun yi baƙi kamar gindin tukunya, yadda ake tsammani. Farfesa ta gyaɗa kai ta ce madalla. Na manta da zancen zobba, ko in ce na yi ƙoƙarin mantawa.

Sauran watannin jira ne. Kullum in duba zafin murhu, in rubuta, in tafi aji. Na yi Sallah a wani zauren haya tare da mutanen Gana da Nijar da Senegal, aka ci aka sha, na dawo na kwanta da kayan Sallar a jikina. Bizar da na shigo da ita ta ƙare. Zamana halal ne muddin ina karatu, amma in na fita sai na nemi sabuwa, kuma na san ɗalibai biyu da suka je ganin gida ba su samu dawowa ba. A cikin wannan lokacin Ummi ta yi zazzaɓin da aka kwantar da ita kwana huɗu. Ba wanda ya gaya mini sai da aka sallame ta. Abbanta ya ce, "Da mun gaya miki me za ki yi?"

Ranar da wata goma sha takwas ya cika Juma'a ce, da hantsi, ni kaɗai a ɗakin gwaji. Tun da na ɗaga tukunyar farko na ji ba ta kai nauyin da na sani ba. Na kwance murfin. Saman yumɓun ya bushe ya tsattsage. Zoben robar ya ƙandare, duk ya yi tsaga kamar diddigen manomi. Na tono guntun jan ƙarfen, maimakon baƙi sai na gan shi kusan fes, da ɗan jan tabo nan da can. Na buɗe ta biyu, haka. Duka takwas ɗin haka.

Na gane abin da ya faru tun kafin in gwada ruwan. Wani lokaci bayan wata ukun farko zobban sun fashe, iska ta shiga ta kashe salfar, jan ƙarfen ya zauna babu mai cin sa. Duk da haka na ɗora su a sikeli, kuma sikelin namu da kansa yake tura awo zuwa kwamfuta. Lambobin suka fito gwanin kyau. Duk wanda ya gan su zai ce jan ƙarfe ya fi yadda ake zato juriya. Da su zan iya rubuta kundina cikin wata shida in tafi gida. Zobba kuwa ba mai duba su, kwandon shara ake jefa su. Na tattara guda takwas ɗin na zuba a aljihun jakata.

Da tsakar rana na kira Abban Ummi, na ce ya fita waje inda ba kowa. Na gaya masa komai. Na ce in aka sake daga farko, da jira da rubutu, shekara biyu ce.

Ina jin kukan awaki a bayansa. Sannan ya ce, "Wa ya gani ban da ke?"

"Ba kowa."

"Ke da bakinki kika ce mini shekara dubu ɗari. Wa zai zo ya tambaye ki?" Ya ja numfashi. "Astagfirullah. Ban ce ki yi ba, Maman Ummi. Na gaji ne kawai."

Ban ji haushinsa ba, don abin da ya faɗa shi nake ta faɗa wa kaina tun safe. Awona ɗaya ne cikin ɗaruruwa da masu lissafin kaurin tulu za su duba. Mai yiwuwa ba zai canza komai ba. Mai yiwuwa kuma wani ya dogara da shi ya ce a rage kaurin jan ƙarfen, ko ya ce wani wuri mai yawan salfa ba laifi a binne a can. Ba zan taɓa sanin wanne ne ba.

Kwana tara zobban suna cikin jakata. A rana ta takwas, Asabar, ina tsinkar kuɓewa da Anti Saratu, na gaya mata. Ta ci gaba da tsinka har ta kai ƙarshen kunya, sannan ta miƙe ta dafa ƙugu.

"Bitrus yana shekara huɗu na bar shi a Jos wajen ƙanwata," ta ce. "Sai da ya kai sha uku na samu kawo shi. Yanzu ga shi babban mutum. Yana girmama ni, yana kai ni asibiti, ranar haihuwata ba ya mantawa. Amma in abu ya dame shi, ƙanwata yake kira. Kada kowa ya ce miki za ki rama shekarun nan daga baya. Ba a ramawa."

"To me zan yi, Anti?"

"Ban sani ba, Balkisu. Da na sani da na gaya miki. Na dai ga tun da kika zo ko ruwa ba ki sha ba."

Washegari Lahadi Farfesa ta gayyaci ɗalibanta cin abincin rana a gidanta, kamar yadda take yi sau ɗaya a shekara. A Irving Park take, unguwar tsofaffin masu hali, manyan gidaje da manyan itatuwa, ba ka ganin kowa a ƙafa. Na ajiye motata nesa kaɗan saboda tabon walda. Muna kan tebur ta ɗaga kofinta ta ce ta ga awona a kwamfuta, in har ya tabbata, labari ne babba, kuma tana so in gabatar da shi a taron masana da ke tafe. Aka tafa mini. Ban taɓa ganin ta yi fara'a irin ta ranar ba.

Da aka tashi na bi ta kicin da kwanuka. Na ajiye su, na buɗe jakata, na zube zobban a kan teburin. Ta sa tabarau, ta ɗauki ɗaya ta kai shi wajen taga, ta lanƙwasa. Ya karye a hannunta.

"Wa ya zaɓi waɗannan?"

"Ni ce."

"Kin san ba irinsu ba ne?"

"Na sani, Farfesa."

"Tun yaushe kika ga sun fashe?"

"Kwana tara."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta cire tabaraun ta ce in tafi gida. Na fito ta ƙofar baya don kada in bi ta cikin mutane. Kwana uku ban ji daga gare ta ba. Na fara tunanin wa zan bar wa motar, har na ji wani ɓangare na zuciyata yana murna, domin kora ma hanyar gida ce.

Ranar Laraba ta kira ni ofis. Ta ce za a sake daga farko da zobban da suka dace, kuma kowace tukunya a gabanta zan rufe ta. Ta ce in rubuta duk abin da ya faru a littafin aiki, har da kwana taran, in kuma tsaya gaban sauran ɗalibai in faɗa da bakina. Na ce na yarda.

"Mutanen da za su sha ruwan wuraren nan," ta ce, "ba za su san sunanmu ba. Ko harshen da muke magana da shi ba lallai su ji ba. In mun yi musu ƙarya ba su da inda za su kai ƙara." Ta tattara takardun gabanta. "Me ya sa ba ki jira sati goman ba?"

Na ce ina da 'ya a gida.

Ta san da haka, yana cikin takarduna, amma a shekara biyu da rabi ba ta taɓa tambaya ba. Ranar ta ce, "Yaya sunanta?"

Na buɗe baki zan ce Ummi, sai na ji na ce, "Hadiza." Tun ranar suna ban taɓa furta shi ba. Farfesa ta maimaita shi a karkace, ta tambayi shekarunta, ta rubuta a gefen kalandarta. Ta yi wasiƙa mai ƙarfi don Abban Ummi da yarinyar su sake neman biza. Sun je da wasiƙar, ba a ba su ba.

Tsayawa gaban ɗalibai bai yi mini wuya ba kamar gaya wa Ummi. Abbanta ya ce shi ba zai faɗa mata ba, ni na yi alkawarin, ni zan warware. Na riga na ce mata kafin ta shiga aji ɗaya zan dawo. Ta zo ta zauna a tabarma, aka jingina mata wayar. Na ce aikina ya lalace, laifina ne, sai na sake. Na ce shekara biyu.

Ba ta san tsawon shekara ba. Ta ce, "Sallah nawa ke nan?"

"Huɗu."

Ta ƙirga a yatsunta, ta duba su. Sannan ta sa hannu ta kifa wayar a kan tabarma. Ina ganin duhu, ina jin ƙarar takalminta har ta fita tsakar gida. Ba ta yi kuka ba. Sati biyar in na kira sai Hauwa ta ce tana wasa, ko ta yi barci, ko ta je islamiyya. Shi ma Abbanta maganarsa ta koma gajera, lafiya lau, ba komai, sai anjima. Hajiya Memuna ta lura na daina fita da abincin rana. Sai ta fara sa mini shi a kujerar mota da kanta.

Sabbin tukwanen suna cikin murhu yanzu. Na buɗe huɗu a wata na uku, na buɗe biyu a wata na tara don in tabbata, zobban lafiya lau, guntayen baƙi ƙirin. Lambobin ba su da kyau kamar na farko. Jan ƙarfen yana ciwuwa, kaɗan-kaɗan, kusan yadda waɗanda suka gabace ni suka samu. Ba wanda zai gayyace ni taro saboda su.

Ummi ta dawo waya a hankali, gaisuwa kawai, sai in an tura ta. Amma a watan jiya ina zaune a mota da tsakar rana sai ga kira daga gida, alhali ni ce ke kira kullum. Na ɗauka sai na ga fuskarta ta cika wayar, ta toshe bakinta da tafin hannu.

"Lafiya, Ummi? Ina Abba?"

Ta cikin yatsu ta ce, "Akwai ƙadangare a wajenku?"

"Ƙadangare kuma?"

"In ya gani ba zai fito ba. Duba."

Na juya wayar na nuna mata kujerar baya, da ƙarƙashin sitiyari, da tagogin a rufe. Sai da ta gamsu ta sauke hannun. Haƙorinta na gaba na ƙasa ya fita, ga ɗan giɓi ja. Ta tura harshe a ciki don in gani da kyau.

"Abba ya ce in jefa shi kan rufi. Hannuna ba ya kaiwa. Ya ce zai ɗaga ni, na ce a'a." Ta ɗago wani kwalin ashana ta girgiza, na ji ɗan ƙaransa a ciki. "Na ajiye. Ke za ki ɗaga ni."

Na ce, "Kin yi girma fa yanzu. Anya zan iya ɗaga ki?"

Ta matso da idonta kusa da wayar, ta ƙare mini kallo, wuyana da kumatuna.

"Kin rame," ta ce. "Ki riƙa cin abinci. Saura Sallah biyu."